Ranar da murya ta daina zama shaida

Kwanakin baya wani kawuna da ke ƙauye ya turo saƙon murya cikin zauren WhatsApp na danginmu, inda aka ji wani malami da yake matuƙar girmamawa yana tsine wa wani ɗan siyasa, yana kuma haramta wa mabiyansa zaɓensa. Muryar ta malamin ce sak, har da yadda yake jan numfashi kafin ya kawo aya. Sai da almajiransa suka fito suka ƙaryata, sannan aka gane cewa tsofaffin karatuttukansa aka ɗiba aka ɗura wa manhaja, ita kuma ta kwaikwayi harshensa. Da na kira Kawu na yi masa bayani, amsar da ya ba ni ita ce, "Ɗana, da kunnena fa na ji." Ban ga laifinsa ba, domin tun tasowarsa abin da aka ji daga bakin mai shi ba ya neman wata hujja.

Al'ummarmu a kan sauraro ta ginu. Tun daga 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, zuwa zamanin da Rediyon Kaduna ke kaiwa kowane lungu na Arewa, manomi da makiyayi suna rataye da akwatin rediyo, kuma "rediyo ta faɗa" ta isa ta kashe gardama a majalisa. Saƙon murya ne ya gaji wannan amana, saboda ba ya bukatar karatun boko. Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta wannan ƙofar ta shigo mana, wato daidai inda ba mu taɓa ajiye mai gadi ba.

Gaskiya ne cewa ƙarya ba ta jira zuwan inji ba. A 2018 an baza jita-jitar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani Jubril daga Sudan, maganar ta yi ƙarfin da sai da shi da kansa ya tsaya a ƙasar Poland a watan Disamba yana shaida wa 'yan Najeriya cewa shi ne dai. Wancan aiki da fatar baki kawai aka yi shi. Amma a 2025 mun ga bidiyoyin da aka haɗa na manyan mawaƙan Amurka suna wai rera yabon Ibrahim Traoré, shugaban mulkin sojan Burkina Faso, kuma mutanen da nake ganin mutuncinsu suka riƙa yaɗawa cikin murna, saboda bidiyon ya faɗi abin da zuciyarsu take son ji.

Duk da haka, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mafakar da wannan fasaha ta samar wa masu mulki. A 2018 jaridar Daily Nigerian ta wallafa bidiyon da ta ce yana nuna Gwamna Abdullahi Ganduje na karɓar daloli. Ya musanta, Majalisar Dokokin Kano ta kafa kwamiti, kotu ta dakatar da binciken. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, zai yarda cewa bidiyon ya girgiza jihar, ya tilasta wa gwamnati yin magana. Yau kuwa duk jami'in da aka naɗi muryarsa yana cinikin kwangila ko yana shirya maguɗi, kalmomi uku sun ishe shi: aikin AI ne. Kafin masana su tantance, sojojin baka sun cika Facebook da TikTok da wannan amsa, kuma ɗan jaridar da ya sa ransa a haɗari wajen samo shaidar shi ne zai koma yana kare kansa.

Ba na cikin masu kiran gwamnati ta rufe dandalin sada zumunta. An gwada a 2021, lokacin da aka dakatar da Twitter na kimanin wata bakwai bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa, kuma ƙananan 'yan kasuwa ne suka ji jiki, masu yaɗa ƙarya kuwa suka zagaya ta bayan gida. Mai cin gajiyar ruɗani ba shi ya dace a damƙa wa makullin magana ba, musamman da zaɓen 2027 ke ƙaratowa. Abin da nake ganin zai yi amfani yana hannun malamanmu da gidajen rediyonmu. Mutanen da suka gaji ilimin isnadi, waɗanda ba sa karɓar hadisi sai sun san wa ya ji daga wa, ba su da uzurin tura saƙon da iyakar asalinsa shi ne "wani ne ya turo mini".

A makon jiya na aika wa Kawu sanarwar rabon takin zamani da na naɗa da hannuna daga rediyo, don ya je ya yi rajista kafin a rufe. Bai je ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce ai ni ne na gaya masa yanzu inji ma yana magana.