Ƙannena Masu Son Kaki, Akwai Yaƙin da Kunne Ke Yi

Ran Asabar na kai wayata gyara a Taminus, nan Jos. Yaron da ya karɓa bai fi shekara 19 ba. Ya kwance ta, ya ɗora mita, ya ɗan karkata kai, ya ce, "Yaya, ba batir ba ne, wata 'yar hanya ce ta tsinke." Ya ɗiga dalma kamar ƙwayar gero, sai ga waya ta kawo. Muna cikin hira ya ce shi burinsa soja, ya rataya bindiga irin na barikin Rukuba. Da na tambaye shi sakamakon WAEC sai ya sunkuyar da kai, ashe tun aji huɗu ya raba gari da lissafi da fiziks. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Ƙannena, hannu irin na yaron nan soja na nemansa ruwa a jallo, a sashen sigina, wato masu kula da sadarwar soja. Duk wanda ya danna oba-oba, ko ya buga waya, ko ya tashi jirgi maras matuƙi, to ya saki igiyar rediyo a iska, kuma iska ba ta da ƙofa. Akwai sojan da aikinsa shi ne ya tsinto wannan igiya. In na'ura biyu ko uku da ke wurare daban suka nuna ta inda sautin ya fito, inda layukansu suka haɗu nan mai maganar yake. Wani kuma ya cika zangon rediyon da hayaniya, har kwamandan abokan gaba ya yi ta kira babu mai jinsa, jirginsu ya rasa mai jan ragamarsa.

Ba yau aka fara ba. A 1914, a yaƙin Tannenberg, sojojin Rasha sun riƙa aika umarni ta rediyo a fili ba tare da sun ɓoye ma'anarsa ba. Jamusawa suna saurare, suka yi wa runduna guda ƙawanya suka ragargaza ta. A 1996 wayar tauraron ɗan'adam ce ta tona inda jagoran Checheniya, Dzhokhar Dudayev, yake, makami ya same shi. A nan gida ma, da me masu garkuwa da mutane suke cinikin kuɗin fansa daga cikin daji? Da waya. Kuma ku tuna, marigayi Janar Murtala Muhammad ɗan sigina ne, a Catterick ta Ingila ya samu horon.

Kuna da wata baiwa da kuke rainawa. Yaron Jos ya tashi da Hausa da Turanci da buroka, wani ya haɗa da Fulatanci, wani yana jin Birom ko Angas saboda maƙwabta. Na'ura tana naɗar murya, amma ba ta san zaurance ba, ba ta san habaici ba. In mutum ya ce "a kai shanu mashaya da daddare", sai kunnen da ya girma cikin harshen ne zai ji cewa ba shanu ake nufi ba. Wannan kunnen ba a sayo shi daga waje.

Sai dai kunne kaɗai ba ya kai mutum. Sai da lissafi da fiziks da kwamfuta. Ƙofofin a bayyane suke: NDA ta Kaduna ga mai son zama hafsa, Depo ta Zariya ga kurtu, mai digiri kuma yana da hanyarsa ta gajeren horo. Makarantar sigina tana Apapa a Legas, a 2018 kuma rundunar sojan ƙasa ta kafa sashen yaƙin intanet. Ba kai za ka zaɓi inda za a tura ka ba, amma takardarka tana magana. Fom ɗin kurata kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai saka sunanka, ɓarawo ne.

Abin da ya fi damuna shi ne baki. Mun saba komai sai mun ɗora a TikTok, abincinmu, tafiyarmu, har asibitin da aka kwantar da mahaifiyarmu. Wannan aikin kuwa za ka kwana zaune da abin sauraro a kunne, ka ji abin da zai ceci ƙauye guda, ka dawo gida ba za ka faɗa wa ko matarka ba. Babu mai tafa maka. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana kanka, sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin wayar ɗan ƙasa, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Wanda zai karkata kunnen hukuma zuwa wayar budurwarsa ko abokin gabar ubangidansa, don Allah ya nemi wata sana'a. Ku gwada kanku tun yanzu: sirrin da aboki ya ba ka bara, yana nan a cikinka?

Jiya na koma Taminus da tsohon littafina na fiziks, na ajiye wa yaron kusa da kwanon dalmarsa. Mun yi alkawari zai sake zama jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, ni kuma duk Lahadi bayan la'asar zan zo mu yi lissafi.