Tun daga aji uku ya kamata a fara nuna wa yara hanya

Da zarar hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta buɗe rajista a farkon shekara, cibiyoyin da ta amince da su a Kano da Kaduna da Sakkwato sai su cika maƙil da yara 'yan shekara sha shida zuwa sha takwas. Ka tsaya kusa da teburin mai cike fom ka saurara. Zai ce, "Wane kwas?" Yaro ya yi jim, ya waiga wajen abokinsa, sannan ya ce likitanci. "Wace jami'a?" Ya ce Bayero ko Ahmadu Bello, don su ya fi jin sunansu. Cikin minti biyar an yanke shawarar da za ta bi yaron nan tsawon rayuwarsa, kuma wanda ya taya shi yankewa bai san shi ba, ga layi yana jiransa.

Ba na ganin laifin mai cike fom, aikinsa yake yi. Ɓarnar ta riga ta faru shekara uku kafin wannan rana, lokacin da aka raba yaran da suka gama aji uku na ƙaramar sakandare zuwa ajin kimiyya, ajin at da ajin kasuwanci. A makarantu da yawa rabon ba ya wuce duba maki: wanda ya yi ƙoƙari a tura shi kimiyya, saura a watsa su. Wani ma bin aboki yake yi, ko umarnin baba da ke son a ce ɗansa likita ne. Ba mai zaunar da yarinyar da ke burin zama lauya ya gaya mata cewa sai ta yi adabin Turanci, kuma akwai makarantun da ko malaminsa ba su da shi. Ba mai gaya wa mai son likitanci cewa Fiziks da Kemistiri da Bayoloji zai rubuta a JAMB, haɗe da Turanci da ya zama dole a kan kowa. Sai yaro ya ci kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO, ya samu maki mai kyau, amma haɗin darussansa bai dace da kwas ɗin ba, shekara guda ta tafi. Ga ɗiya mace a wurarenmu, shekara guda a zaune a gida sau da yawa ita ce ƙarshen karatun.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayanan nan ba a ɓoye suke ba. JAMB tana da kundin da ya jera kowane kwas da sharuɗɗansa a shafinta na intanet, kyauta. Amma da Turancin ofis aka rubuta shi, kuma sai mai babbar waya da data da wanda zai fassara masa. Ɗan malamin jami'a yana jin waɗannan abubuwa a gida tun yana ƙarami. Ɗan manomi a ƙauye fa, wa zai tambaya?

Ɗauki tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, wanda kusan duk jihohin Arewa suna ciki. Sanin wannan kaɗai zai iya canza jami'ar da yaro zai zaɓa. Haka tsarin CAPS, wanda JAMB ke ba da gurabe ta cikinsa a intanet, da aka shigo da shi a 2017: ko an ba ɗalibi gurbi, sai ya shiga da kansa ya karɓa, kuma sai sakamakonsa na sakandare ya hau shafin hukumar. Gurabe suna kuɓuce wa yara a nan ba don rashin ƙoƙari ba. Ga kuma asusun NELFUND da ya fara karɓar buƙatu a 2024, wanda ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance ba ruwa, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Iyayenmu da dama da sun ji kalmar bashi sai su ja da baya saboda tsoron riba, kuma suna da gaskiya su yi tambaya. Amsar ce ba ta isa gare su ba.

Inda bayani na gaskiya bai kai ba, 'yan damfara ne ke kaiwa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayi digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin kusan mako shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai iyayen da suka sayar da gona da zuciya ɗaya, ba su san akwai hukumar da ake tambaya kafin a biya kuɗi ba.

Sannan mun ƙuntata wa yara tunani, kamar jami'a ce kaɗai ƙofa. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, akwai kwalejojin ilimi, makarantun jinya da ungozoma, da na fasahar kiwon lafiya, a yankin da mata ke neman mace ta duba su a asibiti su rasa. Akwai shirin IJMB da ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a, akwai makarantun koyon sana'a masu jarrabawar NABTEB.

Za a ce makarantar da ba ta da malamin lissafi ina ta ga malamin ba da shawara. Na yarda ƙarancin malamai gaskiya ne. Amma tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a samar da masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare, kuma jami'o'inmu suna yaye masu wannan ilimi kowace shekara. Abin da ake yi shi ne, idan an tura su sai a ɗora musu koyar da wani darasi, ofishin ya zama allo a jikin ƙofa. Ma'aikatun ilimi na jihohi su sake su su yi aikinsu, a ware darasi ɗaya a mako tun daga aji uku, kuma kada a raba yara zuwa kimiyya ko at sai an zauna da iyayensu an yi musu bayani da Hausa.

Sauran aikin ba sai an jira gwamnati ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke haɗuwa cin abinci bayan Sallah suna da injiniyoyi da ma'aikatan jinya da akantoci a cikinsu. Kowane zango su tura mutum biyu su yi awa guda da 'yan aji uku, su faɗa musu darussan da suka yi, shekarun da suka ɗauka, da abin da aikin yake kawowa. Gidajen rediyonmu kuma, da ke da awoyi na shirye-shiryen siyasa kullum, su ware rabin awa a mako daga Nuwamba zuwa rufe rajista, a kawo wanda ya san kundin JAMB ya amsa tambayoyin iyaye kai tsaye.