Filin ƙwallo a tsakiyar gari: inuwar giginya ce ko kuwa?

Duk ranar da Pillars ke da wasa a gida, in ka biyo ta Ƙofar Mata da la'asar sai ka rantse babu inda kuɗi ke yawo a Kano kamar nan. Mai rake ya kasa, mai awara na ta suya, yaran ruwan leda na ta kai-komo, 'yan adaidaita sahu sun cushe titi kowa na danna hon kamar hon ɗin ne zai buɗe masa hanya, ga masu jesi da tuta suna ta ciniki. Wanda ya ga haka sau ɗaya ba za ka ga laifinsa ba in ya ce ai filin wasa ne ke riƙe da unguwar nan. Nima na daɗe ina ganin haka. To amma ka dawo ranar Talata da hantsi ka tsaya a bakin get ɗin, a kulle yake, kuma unguwar na nan a cike maƙil yadda ka barta, don masu zuwa Kantin Kwari ba su fasa ba, masu jinya a asibitin Murtala ba su fasa ba, marina na can bakin karofinsu. Ashe dai ba filin ne ya tara mutanen ba, tarar da su ya yi.

Wannan maganar an shekara sama da 30 ana tafka ta a Amurka, kuma can ne ya kamata mu leƙa don su suka fi kowa kashe kuɗi a kanta. Tun daga wajajen shekarun 1950 masu hali suka riƙa barin tsakiyar birane suna komawa sabbin unguwanni a bayan gari, shaguna suka bi su, cikin gari ya koma wurin da ake zuwa ofis da safe a gudu da yamma. Sai masu ƙungiyoyin wasa suka zo wa magadan gari da magani, wai ku gina mana katafaren sitadiyam a tsakiyar gari da kuɗin haraji, za ku ga otal-otal sun taso, gidajen abinci sun buɗe, matasa sun samu aiki, in kuma kun ƙi to ga wani garin can yana zawarcinmu. Wane ɗan siyasa ne zai so a ce a zamaninsa ƙungiyar gari ta yi hijira? Haka aka riƙa sa hannu.

Ɗauki St. Louis a jihar Missouri. Garin ya gina rufaffen filin wasa a tsakiyarsa kan kuɗi kusan dala miliyan 280, duk na jama'a, bashi aka ciyo, aka buɗe shi a 1995 aka jawo ƙungiyar Rams ta zari-rugar Amurka daga Los Angeles. Sun ma ci kofin Super Bowl a farkon 2000, gari ya ɗauki murna. Amma a cikin yarjejeniyar akwai wani ɗan sharaɗi da ya zame musu ƙarfen ƙafa, cewa dole filin ya ci gaba da zama cikin sahun farko na filayen gasar, in ba haka ba ƙungiya na da damar tafiya. To gini kuwa tsufa yake, wasu garuruwan na ta gina sababbi. A watan Janairun 2016 mai ƙungiyar ya tattara ya koma Los Angeles, ya bar mutanen St. Louis da kango da ragowar bashin da ya haura dala miliyan 100, jiha da birni da ƙaramar hukuma suka ci gaba da biya duk shekara har 2021, na filin da babu ƙungiyar a ciki. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan.

Kuma kun san waye mai ƙungiyar? Stan Kroenke. Eh shi dai, mai Arsenal. 'Yan Gunners na gidajen kallo da suka yi shekaru suna yi masa Allah ya isa kan ƙin sayen 'yan wasa, ku sani akwai waɗanda suka riga ku a Missouri. Gaskiya St. Louis ba su bar shi haka ba, sun maka shi da hukumar gasar a kotu, a ƙarshen 2021 aka yi sulhu aka biya su dala miliyan 790. Sai dai kuɗin kotu ne wannan, ba albarkar filin ba, kuma shekara 21 da Rams suka yi a garin mutane ba su daina ƙaura daga cikinsa ba, birnin da ya taɓa ɗaukar mutum sama da 850,000 a 1950 yanzu ƙasa da 300,000 ne a ciki.

Me ya sa abin ba ya aiki? Lissafin ba wani mai wuya bane, ko ɗan tireda zai yi maka shi. A lokacin Rams wasa 8 suke yi a gida a kakar gasa, in ka haɗa da na share fage su zama 10. Kwana 10 cikin 365. Yawancin sauran kwanakin ginin na zaune ne kamar dutse, doguwar katanga ba ƙofar shago ko ɗaya, kewaye da fili fetal na fakin motoci, kuma babu abin da ke kashe titi kamar katangar da ba ta da ƙofa, don mai tafiya a ƙasa ba shi da dalilin bi ta nan, mace ma da daddare ba za ta bi ba. Wurin da zai iya ɗaukar gidaje ɗaruruwa da shaguna masu biyan haraji kullum, an ba wa gini ɗaya da ƙungiyarsa ke wasa a ciki sau 10 a shekara.

Sannan akwai abin da masana tattalin arziki irinsu Roger Noll da Andrew Zimbalist suka daɗe suna faɗa tun 1997, kuma bayansu wasu da yawa sun bincika sun dawo da amsa kusan iri ɗaya: yawancin kuɗin da ake kashewa a filin wasa ba sabon kuɗi bane, canjin aljihu ne kawai. Magidanci yana da ɗan abin da ya ware na shaƙatawa a wata, in ya sayi tikiti to ya fasa tsiren da zai saya a bakin layinsu, ya fasa kai yara wurin wasa, mai shayin unguwarsu ya rasa cinikin daren, kuɗin dai na garin ne suka tashi daga wannan unguwa suka koma waccan. Mafi muni ma, a wurin mai tsire kuɗin a gari za su kwana, zai sayi nama a kwata, ya sayi ƙuli, ya biya yaronsa, amma in suka shiga akwatin ƙungiya kaso mafi tsoka albashin 'yan wasa ne da ribar mai ƙungiya, waɗanda galibinsu ba a garin suke zaune ba balle su kashe a nan. Inuwar giginya, na nesa ka sha. Aikin da ake ta alkawari kuwa, bayan 'yan kwangila sun gama sun tafi, sauran na duba tikiti ne da shara da gadi, na 'yan awoyi a ranar wasa.

Za a ce to ai ga Baltimore, ai ga Denver. Gaskiya ne, kuma bana son in yi wa masu wannan ra'ayin rashin adalci. Camden Yards da aka buɗe a Baltimore a 1992 shi ne ma ya sa kowa ya haukace da ginin fili a tsakiyar gari, gini ne mai kyau da aka saje shi da tsohon sito na jirgin ƙasa, kuma na besbol ne, su wasa 81 suke yi a gida a shekara ba 8 ba, wannan ba ƙaramin bambanci bane. Duk da haka da wasu malamai biyu na jami'ar Johns Hopkins suka zauna suka buga lissafi, sai suka ga abin da filin ke jawo wa jihar Maryland bai wuce dala miliyan 3 a shekara ba, alhali yana ci wa masu biyan haraji wajen miliyan 14. Wannan fa shi ne zakaran gwajin dafin da ake ta nunawa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Denver ta fi ban sha'awa a wurina. Unguwar da ake kira LoDo tsoffin sito-sito ne da aka yi watsi da su, yau kuwa tana cikin wuraren da suka fi tsada da hada-hada a garin, kuma filin Coors Field na nan a gefenta tun 1995. Sai dai abin da masu talla ba sa son faɗa shi ne tun 1988 aka ayyana unguwar a matsayin wurin tarihi aka hana rushe gine-ginenta, mutane suka fara mayar da sito gidajen kwana, gidajen abinci da na zane-zane suka fara buɗewa, shekara bakwai kafin a buga wasan farko. Filin ya ƙara wa wutar iska, wannan ba musu, amma ba shi ya hura ta ba. Ya samu unguwa tana tashi ya hau bayanta, kamar dai yadda namu na Ƙofar Mata ya samu Kwari da Kurmi da asibiti da filin Idi a kewaye da shi.

Mu ma fa mun taɓa yin gwajin nan ba da niyya ba. A kakar 2021 Pillars a Kaduna suka riƙa buga wasanninsu na gida, a filin Ahmadu Bello, a 2022 ma an kai su Abuja na wani lokaci. Wa ya ji an ce Kwari ta yi kwantai saboda haka? Mai rake da mai awara sun ji a jikinsu tabbas, kuma ba na raina cinikinsu, amma tsakiyar Kano ko gezau. Yanzu ka juya tambayar, a ce Kwari ce aka rufe na shekara guda aka bar filin a buɗe. Ko kwana 19 ɗin da gasar Firimiyar Najeriya ke ba kowace ƙungiya a gida ba za su riƙe unguwar sati biyu ba. Filin nan na Ƙofar Mata ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, ya karɓi kofin Afirka a 2000, ya karɓi na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, duk mun yi alfahari, baƙi suka zo suka tafi, washegari 'yan kasuwa ne dai suka buɗe shago.

Na Abuja kuwa darasin ta ɗaya gefen ne. An gina shi don wasannin Afirka na 2003, kujera 60,000, kuɗin da aka ce ya ci sun kai dala miliyan 360, aka dasa shi a bakin shiga gari tsakanin manyan tituna inda ba kasuwa ba gidaje a jikinsa. Shekara sama da 20 kenan, wace unguwa ya haifar? Har ciyawarsa sai da Dangote ya sa hannu aka gyara, kuma Super Eagles yawanci a Uyo suke wasa. Na Surulere a Legas da aka gina a 1972 a cikin jama'a yake tsundum, shi kuma lalacewa ya yi unguwar ta ci gaba da harkarta ba tare da shi ba. Ko ta ina ka juya dai amsar ɗaya ce.

Kar a fahimce ni baibai, ni ɗan kallo ne, kuma in an ce Sai Masu Gida har yanzu tsikar jikina tashi take. Gari yana buƙatar wurin da mai kuɗi da ɗan dako za su zauna benci ɗaya su yi ihu tare, wannan abu ne mai daraja ko da bai kawo ko sisi ba, kamar yadda ba a tambayar ribar hawan sallah. In gwamna ya fito ya ce jama'a zan kashe kaza in gyara muku filin wasa don ku ji daɗi, kuma ga abin da za a fasa yi saboda shi, to mun san cinikin da muke yi, mai yarda ya yarda mai ƙi ya ƙi. Abin da ba na so shi ne a naɗe sha'awa a cikin takardar tattalin arziki, a kawo mana zanen kwamfuta mai fitilu da bishiyoyi a ce wannan ne zai farfaɗo da gari ya samar da aiki dubu kaza, alhali an gwada a wuraren da suka fi mu kuɗi da tsari abin bai yi ba.

Kuma in har za a yi, akwai hanyar da asarar za ta ragu. Arsenal ɗin nan da Kroenke ya mallaka daga baya, lokacin da suka gina Emirates suka tare a 2006 kan kusan fam miliyan 390, bashi ƙungiyar ta ciyo da sunanta, ta yi shekaru tana sayar da taurarinta tana biya, magoya baya suka sha baƙin ciki amma ba a taɓa kuɗin asibitin kowa ba, tsohon filinsu na Highbury kuma aka mayar da shi gidaje mutane suka shiga. Kwatanta da West Ham da aka ba filin Olamfik na Landan a 2016, gyaran mayar da shi na ƙwallo ya haura fam miliyan 300, ƙungiyar ta sa miliyan 15 kacal, ta fara da hayar miliyan 2.5 a shekara kan yarjejeniyar shekara 99. Gari ɗaya, wasa ɗaya, amma dubi wanda ya ɗauki kayan a nan da wanda ya ɗauka a can.

A wurinmu da yake ƙungiyoyin ma yawanci na gwamnatocin jihohi ne, babu wani attajiri da za a ce ya biya, aljihun dai ɗaya ne, shi ke biyan malaman firamare shi ke sayen maganin asibiti. Don haka ni da za a tambaye ni, maimakon sabon katafaren gini gara a riƙe wanda ake da shi da kyau, katangarsa ta waje ta zama shaguna masu fuskantar titi a tsare ba a hargitse ba, kuɗin hayarsu a rubuta a doka cewa na ciyawa da fitilu da banɗaki ne, a buɗe get da asuba ga masu motsa jiki, da rana 'yan makaranta su yi gasarsu, ƙananan kulob na unguwanni su samu ranakunsu, a riƙa dambe da kokawa da langa a ciki. Sauran kuɗin a zuba su a magudanar ruwa da hanyoyin shiga Kwari da motocin kashe gobara, don 'yan kasuwar sun ga ambaliya a 2022 sun kuma ga gobara ba sau ɗaya ba, kuma su kullum suna buɗewa, har ranar da Pillars ke wasa a waje.