Bayan mota ya zauna: a auna kaya kafin a taɓa shokazoba

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ana gobe salla ya san yadda abin yake. RAV4 ce ko CR-V, mutum biyar a ciki, but ya cika, ga buhu biyu an ɗaure a kan rufi, bayanta ya zauna har taya na neman shafar bodi, hancinta kuma yana kallon sama. In aka kai ta gareji, kafin bakanike ya leƙa ƙasa ya riga ya yanke hukunci: "Alhaji, shokazoba ce ta mutu." A nan Jamus tambayar farko ita ce kilo nawa aka ɗora, kuma a ganina nan ne suka fi mu gaskiya.

Shokazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta hana mota lilo bayan an faɗa rami. Sifirin ne ke riƙe da tsayin mota, don haka in bayanta ya zauna, ko dai sifirin ya gaji, ko ya karye, ko an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. A sa sabuwar shokazoba sau uku, motar tana nan yadda take. Inda maganar bakaniken ke zama daidai shi ne motocin da shokazobarsu ke daidaita tsayi da kanta, irin wasu tsofaffin Subaru Forester. Sifirinsu da ma mai laushi ne, saboda haka in za a koma shokazoba ta gama-gari sai an canja har da sifirin, in ba haka ba a kashe kuɗi mota ta ƙi tashi.

Iyakar kayan tana rubuce a jikin motar, mu ne ba ma karantawa. Wadda ta fito daga Amurka, a buɗe ƙofar direba a duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙi. A CR-V da yawa za a ga kilo 385, mutane da kaya duka. Manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350, saura 35, ko buhun shinkafa ɗaya bai samu wuri ba. 'Yar Beljiyam kuwa tana da lambobi huɗu a farantin da kamfani ya manna a jikinta: iyakar nauyin mota da kayanta gaba ɗaya, iyakar nauyi har da abin da take ja, sai iyakar ƙafar gaba, sai ta ƙafar baya. Lamba ta huɗun ce ke damunmu. A Jamus 'yan sanda na iya kai mota kan sikeli, kuma in lodi ya wuce ƙa'ida da fiye da kashi 20 cikin ɗari, ban da tara har makin laifi ake rubuta wa direba a Flensburg, garin da ake ajiye rajistar laifuffukan direbobi. A gida babu mai auna ƙaramar mota, sai mutum ya yi lissafinsa da buhu: siminti 50, masara 100.

Wurin da aka ajiye kayan ma lissafi ne. Tsakanin tayar gaba da ta baya a RAV4 ta 2013 zuwa 2018 mita 2.66 ne. Buhun masara mai kilo 100 in aka kwantar da shi santimita 60 a bayan tayar baya, ƙafar baya za ta ji kusan kilo 123, ƙafar gaba kuma ta rasa 23. Shi ya sa sitiyari ke yin sako-sako, birki ya ƙara nisa, fitila ta riƙa haska idon mai tahowa. Mai nauyi a tura shi can ciki ya jingina da kujera, marar nauyi ya zo bakin but. Wannan kaɗai yakan rage zaman ba tare da an kashe ko sisi ba.

Kafin a sayi komai, a tsayar da motar a daɓe mai daidai, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama, ba kaya sannan da kaya. In gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa da fiye da santimita ɗaya da rabi, a leƙa zagayen ƙarshe na sifirin, can ƙasa inda laka ke taruwa. Nan yake karyewa, musamman a motocin Turai da gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ya ci. A duba robar nan da ke tare ƙafa in ta kai maƙura. In ta farfashe ko ta yi sulɓi, motar ta daɗe tana tafiya a kanta. Taya ta cinye ta ciki ita ma shaida ce, domin ƙafar baya in ta nutse saman taya na kwantawa ciki.

Dabarun gida guda uku ne, kuma biyu daga ciki ɓarna ce. Ana gasa sifirin da wutar walda a ja shi ya ƙara tsawo. Wuta ta kashe ƙarfin ƙarfen, wata biyu ya koma ƙasa da inda yake, ko ya karye a hanya. Ana cusa yankan taya ko katako tsakanin zagayen, sai sauran zagayen su ɗauki aikin duka, abin da aka cusa kuma rami ɗaya ya tofar da shi. Ta uku, a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo sifirin babbar mota. Tunanin daidai ne, hanyoyinmu na buƙatar ƙarfe mai tauri fiye da na titin Jamus. Kuskuren shi ne zaɓe da ido. In ya yi tsawo, shokazoba za ta riƙa miƙewa har ƙarshe tana bugawa, in faɗinsa bai hau mazauninsa ba kuma zai goce.

Turawa ma suna da nasu abin da ba ya magani. Zoben roba mai kaurin santimita 2 zuwa 3 da ake sawa a kan sifirin yana ɗaga mota, amma bai ƙara wa sifirin tauri ba, in an yi lodi zai nutse daidai yadda ya saba.

Ga motar da kullum cikin kaya take, abin da ya dace shi ne sifirin mai tauri da aka ƙera wa wannan samfurin, irin na King Springs ko Old Man Emu na Ostireliya, a sa biyu tare, da shokazoba mai lafiya. In ba kaya za ta ɗan yi tsalle, wannan sai haƙuri. A Jamus irin wannan canji sai da takardar amincewa, in babu motar ba za ta wuce binciken da ake yi duk shekara biyu ba. Mai yin lodi sau uku ko huɗu a shekara kuwa, balan-balan ɗin da ake zurawa cikin sifirin, kamar Air Lift 1000, ya fi masa. Yana aiki tsakanin fam 5 zuwa 35 a geji, ba a barinsa ƙasa da 5 ko da ba kaya, kuma a hura shi kafin a yi lodi. Kowane gefe a ba shi tiyonsa daban don iska kada ta gudu ɗaya gefen a kwana, a nisanta tiyo da salansa, a shafa ruwan sabulu a ga ko yana yoyo. Sai dai balan-balan ɗin yana shiga ne kawai inda sifirin ke tsaye shi kaɗai, kamar RAV4 daga 2006. A CR-V ta 2007 zuwa 2011 shokazoba ce a tsakiyar sifirin, babu wurinsa. Ga mai zama inda ƙura da zafi suka yi yawa kuma kayan gyaran balan-balan ba sa kusa, ni ƙarfe zan zaɓa.

Wajen ɗaura sifirin da ke tsaye shi kaɗai, a ɗora mota kan turken ƙarfe, a tallafi hannun ƙasa da jak, a kwance notin shokazoba da na sandar da ke hana kwanciya, a sauke a hankali ana lura da tiyon birki da wayar ABS. Bakin sifirin ya zauna cikin gurbinsa na roba. Notin bushin kada a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka kan ƙafafunta, domin in an ɗaure tana rataye robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Bayan nan a yi alaimen, a saita fitila.

Duk wannan bai ƙara kilo ɗaya a kan lambar farantin ba, domin birki da boris da taya suna nan yadda suke. Taya mai lamba 102 a gefenta, irin 225/65 R17 da ake yawan gani a RAV4, kilo 850 ne iyakarta, shi ma sai da cikakkiyar iska. A sa mata iskar cikakken lodi da aka rubuta a takardar ƙofa ko littafin mota, a auna da safe kafin ta ɗau zafi.