Kurciyoyi biyu ma baiko ne

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu.

Disamba ta shigo, hunturu ya sauka, teloli sun daina ɗaga waya. A kasuwa mutum zai taya kaza, ya ji kuɗinta, ya ja da baya. A irin wannan lokaci ne gunaguni yake samun tabarma a gidajenmu: wane ya sayi akuya, wance ta ɗinka wa 'ya'yanta kala uku, mu kuwa ko mudun shinkafa da ƙyar. Kafin ranar Kirsimeti, 25 ga wata, ta zo, zuciya ta riga ta yi tsami.

Ku buɗe Luka 2:22-24. Kwana 40 bayan haihuwar Yesu, Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali a Urushalima, da hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu. Mukan karanta wurin nan mu wuce. Amma ku duba Littafin Firistoci sura 12. Abin da Shari'ar Musa ta ce mai jego ta kawo shi ne ɗan rago bana ɗaya, haɗe da tsuntsu guda. Tsuntsaye biyu kuwa sassauci ne ga wadda ba ta da halin rago. Ashe gidan da Allah ya zaɓa ya ba su renon Mai Ceton duniya, kuɗin rago ya fi ƙarfinsu. Ba su ce bari mu jira sai hannunmu ya yi nauyi ba. Suka ɗauki abin da suke da shi, suka tafi.

A ranar nan kuma wa ya yi godiya? Tsoho Saminu, wanda ya rungumi yaron ya yabi Allah. Sai Hannatu 'yar Fanuyila, gwauruwar da shekara bakwai kawai ta yi a ɗakin miji. Da mai neman dalilin kuka ce, tana da shi. Amma ta gode wa Allah, ta shiga ba da labarin yaron ga duk masu sauraron fansar Urushalima.

Ina da magana da dattawan ikilisiya a nan. Idan bikin godiya ya zama ranar shelar wanda ya kawo buhu nawa, mai kwanon dawa zai kwanta a gida ya ce zazzaɓi. Kunya ce ta hana shi zuwa, mu ne kuma muka ɗora masa ita. Wannan ba daidai ba ne.

Kai kuma da rumbunka ya cika bana, Kubawar Shari'a sura 8 da kai take. Musa ya gargaɗi Isra'ilawa cewa in sun ci sun ƙoshi, sun gina gidaje masu kyau, kada su ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu. Ƙoshi ya fi yunwa saurin sa mantuwa. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne ya komo, shi ma Basamariye.

Na san akwai gidajen da za su yi Kirsimeti da kujera ba kowa a kai, wasu ma ba a garinsu ba. Ba wanda ya ce ku yi dariyar dole. Bulus ya ce mu yi godiya a cikin kowane hali (1 Tasalonikawa 5:18), shi da Sila kuwa sun yi waƙar yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi, da tabon bulala a jikinsu.

To kafin a buɗe tukunya ranar Kirsimeti, maigida ya tara iyali, kowa ya faɗi abu guda da Allah ya yi masa bana, har yara. Wanda ya biya wa ɗanka kuɗin makaranta, ko ya kwana da ke a asibiti, a kira shi a gode masa da baki. Kwanon da za a kai wa maƙwabta, har da Musulmin da suka aiko mana da nama da Sallah, a zuba shi tun da fari, kada a bari sai an kai ga ƙanzo.