Guttuso: kasuwa ta fi jan tuta faɗin gaskiya

A 1974 Renato Guttuso, mai zane ɗan ƙasar Italiya, ya zana kasuwar Vucciria ta birnin Palermo, zane mai mita uku tsaye, uku kwance. Ga ɓarin naman shanu a rataye, mahauci na aiki da wuƙa, ga ƙaton kifi an datse, ga ƙwai da tumatir da cuku jibge. Wata mata cikin farar riga ta ba mu baya, jaka a hannu, tana kutsawa ta ɗan lungun da kaya suka rage. Ba tuta, ba take. Amma a ganina nan ne ya fi faɗin gaskiyar talakan tsibirin Sisili.

An haife shi a garin Bagheria kusa da Palermo a ƙarshen 1911, kuma tun yana yaro yake zarya shagon wani mai yi wa amalanke ado, inda launi mai tsawa ya shiga jininsa. Ya shiga jam'iyyar gurguzu a 1940, lokacin da yin haka a mulkin Mussolini sayar da rai ne. A 1941 ya zana gicciye bisa aƙidar Kirista, da tsiraici da dawakai da kayan azabtarwa, yana nufin yaƙin da ake ciki. Malaman coci suka yi masa ca. Bayan sojojin Jamus sun kashe mutum 335 a kogon Ardeatine na Roma a 1944, ya zana ta'asar ba tare da kwana-kwana ba. Wannan jarumta ce, ba mai ƙwace masa ita.

Inda nake ja da shi daban ne. A 1956 tankokin Tarayyar Sobiyat suka murƙushe boren Hungary, bayan haka marubuta irin su Italo Calvino suka bar jam'iyya, shi ya zauna daram. Daga baya ya karɓi lambar yabo ta Lenin, ya zama sanata a 1976. Dubi zanensa na jana'izar Togliatti, shugaban jam'iyyar gurguzu ta Italiya, na 1972: jajayen tutoci sun cika fage, fuskar Lenin ta fito har sau da dama, ga Stalin cikin taro. Gwaninta kam akwai, sai dai ya yi kama da aikin maroƙi a ƙofar ubangida.

Shekara biyu kacal ke tsakanin zanen nan biyu. Na kasuwar ya ba Jami'ar Palermo kyauta, yana nan a fadar Steri. Guttuso ya rasu a Roma a 1987, jam'iyyar ta rushe a 1991.