Ranar da Piridin Ta Raka Ni Gidan Surukai

Aikina a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke nan Yamai shi ne binciken garin katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Wanda nake fama da shi oksid ɗin tungistan ne da aka shimfiɗa a kan zirkoniya, kuma duk amfaninsa yana cikin wasu gurabe masu asid da ke saman ƙwayoyinsa. Gurabun iri biyu ne, an ba su sunayen Bronsted da Lewis, masanan da suka bayyana ra'ayoyinsu a 1923: na farko yana ba da firoton, na biyu yana karɓar tagwayen elektoron. Ido ba ya ganinsu, sai dai a aika musu ɗan aike, kuma ɗan aiken da aka saba da shi ita ce piridin, wani ruwan sinadari da ke kama wa waɗannan gurabun.

Ana danne garin ya zama ɗan faifai siriri, a gasa shi cikin bututun da aka zuƙe wa iska har damshinsa ya fita, a saki tururin piridin a kansa, sannan a sake zuƙewa a zafin digiri 150 domin wadda ba ta kama da ƙarfi ba ta tafi. Idan aka haska shi da hasken infared, alamar da ta fito wajen lamba 1545 a ma'aunin na'urar ta gurbin Bronsted ce, ta wajen 1450 kuwa ta Lewis. Littattafai sun iya bayanin wannan duka, amma ba sa tsayawa a kan warin piridin, wanda yake daidai da na kifin da ya kwana uku a rana cikin watan Afrilu.

Ranar Juma'ar nan na sa babbar rigata ta shadda, domin daga aiki gidan surukaina na nufa. Ina buɗe kwalbar piridin ke nan aka ɗauke wuta, na'urar zuƙe tururi ta tsaya cak. Na rufe kwalbar, muka fita da gudu saboda tururin yana da lahani, amma shaddar ta riga ta kwashi rabonta.

A cikin taksi, ba mu kai gadar Kennedy ba sai da wata Hajiya ta toshe hanci da mayafi, ta ce, "Direba, don girman Allah tsaya ka duba bayan motarka, wani ya manta da kifinsa." Direban ya tsaya, ya buɗe, ya zazzage har tayar safaya, ni kuwa na taya shi nema da iyakacin gaskiyata. Da muka koma ciki, sai kowa ya juyo yana kallona, har da yaron da ke kan cinyar uwarsa.

Surukina mutum ne mai kawaici. Bayan mun gaisa, ya ja tabarmarsa baya kaɗan, ya ce, "Ɗana, idan aikin gwamnatin ne ya ƙi, sana'ar kifi ba abin kunya ba ce, amma a riƙa neman ƙanƙara."

Na duƙa na ce, "Baba, ba kifi ba ne." Na yi masa bayanin gurabun da faifan, har na ƙara da cewa akwai wata hanyar: a shayar da garin amoniya, a riƙa ƙara zafi sannu a hankali, gurbin da ya riƙe ta har zafi ya yi yawa shi ne mai ƙarfi, ko da yake wannan hanyar ba ta bambanta Bronsted da Lewis.

Ya ce, "Ita amoniyar, wane irin wari gare ta?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Irin na makewayin tasha, Baba."

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To, ka tsaya a kan kifin."